Live Aid: an ceci Habasha ne, ko an ɓata wa Afirka suna?

Mai Zane: Jama'a ga magana, wanda bai yarda ba ya fito. Waƙoƙi da bukukuwan da Turawa suka shirya don tara wa Afirka kuɗi, tun daga Band Aid a 1984 zuwa Live Aid a 1985, ɓarnarsu ta fi amfaninsu. Hatsin da aka saya an cinye shi tuntuni, amma hoton yaro mai kumburarren ciki da ƙuda a ido yana nan daram a zukatansu. Ba ni kaɗai ke faɗa ba. Fuse ODG, mawaƙin nan ɗan asalin Ghana da ke Ingila, ya ƙi shiga sabon zubin waƙar Band Aid ɗin, "Do They Know It's Christmas?", a 2014 lokacin Ebola, a 2024 kuma Ed Sheeran ya ce da an nemi izininsa da bai bari a sake sa muryarsa ba.

Baba Mai Rediyo: Ɗana, ba a haife ka ba lokacin, shi ya sa bakinka ya yi sauƙi. Ƙungiyoyin agaji sun yi ta kuka tun kafin yunwar Habasha ta ƙazanta, gwamnatocin Yamma suka yi kunnen uwar shegu saboda Mengistu, shugaban ƙasar na lokacin, na ɓangaren Tarayyar Sobiyat ne. Sai ranar 23 ga Oktoba 1984 da BBC ta nuna rahoton Michael Buerk daga Korem a arewacin Habasha duniya ta girgiza. Kuma wanda ya ɗauki hotunan, Mohamed Amin, ɗan Kenya ne, ka riƙe wannan. Bayan wata guda Bob Geldof da Midge Ure suka tara mawaƙa. Ranar 13 ga Yuli 1985 aka yi Live Aid a Wembley da Filadelfiya, aka tara miliyoyin fam, aka sayi hatsi da motocin kai shi. Uwar da ɗanta ya rayu ba ta damu da abin da Bature ke tunani a kanta ba.

Malamar Tarihi: Baba, ranka ya daɗe, an ceci rayuka, wannan ba abin musu ba ne. Inda nake tare da Mai Zane shi ne labarin da waƙar ta sayar. An nuna kamar fari ne kawai, ƙasa ta bushe, ba ruwa ba kogi. Ƙasar da Tafkin Tana yake cikinta fa, inda babban reshen Kogin Nilu ya samo asali. Ana tambayar ko sun san lokacin Kirsimeti ne, alhali Kiristanci ya shiga masarautar Aksum tun ƙarni na 4, kafin ya zauna da gindinsa a Ingila. Mu kanmu mun san wajen Najjashi sahabbai suka yi hijirar farko.

An yi fari, gaskiya ne. Amma abin da ya mai da farin ya zama kisa yaƙi ne. Gwamnatin sojan Mengistu, wato Derg, tana yaƙi a Tigray da Eritrea, tana kai wa kasuwanni hari, tana tilasta wa manoma sayar mata da hatsi a farashi mai araha, tana tauye fataucin hatsi tsakanin yankuna. A Satumba 1984, mutane na mutuwa a arewa, ana bikin cikar juyin mulki shekara 10 a Addis Ababa. Daga baya aka kwashe mutum wajen 600,000 aka kai su kudu da yamma, da yawa ba da son ransu ba, dubbai suka mutu a hanya da sansanoni. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ta Faransa da suka buɗe baki, kora aka yi musu a Disamba 1985. Cikin duk wannan, me mai kallon Wembley ya koya?

Alhaji Na Kwari: Ai ni na ji ma kuɗin makamai aka saya da su. BBC ce da kanta ta faɗa.

Baba Mai Rediyo: Alhaji, rabin labari ka ɗauko. A 2010 an yi wani shiri kan zargin cewa 'yan tawayen Tigray sun karkatar da wani kaso na agaji, mutane suka fahimci har da kuɗin Band Aid. A Nuwamba na shekarar BBC ta nemi afuwa, ta ce ba ta da hujja a kan kuɗin Band Aid ko Live Aid. Zargi ya zaga duniya, neman afuwar kuwa ba wanda ya tuna.

Alhaji Na Kwari: To Allah ya kyauta. Ni dai duk inda aka ce kuɗin agaji, sai na sa ido.

Ɗan Maraɗi: Ku ba ni dama, don ni a ƙofar gidanmu na ga abin. A 2004 fari da fara suka yi mana ɓarna a Nijar. Zuwa 2005 gero na nan a kasuwa amma farashinsa ya fi ƙarfin talaka. Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi kimanin dala miliyan 16 a watan Mayu, abin da aka samu bai taka kara ya karya ba. Ranar 2 ga Yuli aka yi Live 8, wani sabon bikin waƙa na su Geldof, ana ta kiɗa da sunan Afirka, mu kuma yara na kwance a sansanonin ciyarwa a Maraɗi, ba mu ne a bakin mawaƙan ba. Sai da aka nuna hotunan yaran a talabijin cikin watan nan sannan jirage suka fara sauka. Shugaba Tanja ma cewa ya yi babu yunwa. Don haka Yaya Mai Zane, hoton nan da kake ƙi, na tsane shi ni ma, amma shi ya kawo abincin. Waƙar ce ban ga abin da ta tsinana mana a wannan damina ba.

Baba Mai Rediyo: Ta tsinana mana. Bashin ƙasashe 18 aka yafe, wajen dala biliyan 40, kuma Nijar da Ghana na ciki.

Malamar Tarihi: Baba, ministocin kuɗi na G8, ƙungiyar manyan ƙasashe takwas, sun amince da wannan tun a watan Yuni, kafin a buga ganga ko ɗaya, kafin taron shugabanninsu a Gleneagles. Aikin shekaru ne na masu fafutukar yafe bashi irin su Jubilee 2000. Mawaƙa sun zo an gama dahuwa, aka ba su ludayi. Ƙarin agajin da aka yi wa Afirka alkawari a Gleneagles kuwa ba a cika shi duka ba.

Baba Mai Rediyo: Kin ɗauka ministocin ba su san miliyoyin idanu na tafe ba? Ɗan siyasa ba ya motsi sai ya ji taro. Kuma a bikin Live 8 ɗin aka fito da Birhan Woldu, yarinyar da aka ɗauki hotonta tana bakin mutuwa a 1984, ga ta tsaye lafiya lau, ta yi karatu.

Mai Zane: Aka fito da ita, Baba. Ka ji kalmar da ka yi amfani da ita. Wa ya riƙe makirfo, wa aka riƙo wa hannu? A Hyde Park na Landan, inda aka yi bikin, mawaƙan Afirka ba su fi a ƙirga da yatsu ba, da aka yi surutu sai aka shirya musu nasu can a Cornwall. Ni ban ce a daina amfani da fasaha ba, sana'ata ce. Manu Dibango ya tara mawaƙan Afirka a Faris sun yi wa Habasha waƙa a wancan lokacin, wa ke zancenta yau? A 2012 wata ƙungiyar ɗalibai ta Norway, SAIH, ta yi bidiyon barkwanci na 'yan Afirka suna tara na'urar ɗumama ɗaki don ceto mutanen Norway daga sanyi. Dariya ce, amma ta sa ƙungiyoyin agaji da dama sun ji kunyar tallansu.

Hajiya Uwar Gida: Ni ina karanta ku tun ɗazu. Malama ta yi gaskiya kan Derg, Baba ya yi gaskiya kan uwar yaro. Amma ɗana Mai Zane, bidiyon Norway buhu nawa ya kai wa mai yunwa? Ga Sudan nan, yaƙi tun Afrilu 2023, an tabbatar da yunwa a sansanin Zamzam na Darfur a Agusta 2024, kuma akwai danginmu Hausawa a ƙasar. Babu Wembley, babu waƙa, ba a ɓata wa kowa suna ba. Shirun ya fi maka?

Mai Zane: A'a Hajiya, bai fi ba. Amma in zan zana Zamzam, sai na sa janar-janar ɗin nan biyu da ke yaƙar juna a ciki, da masu sayar musu da makamai, da matasan da ke dafa wa unguwanni abinci a Khartoum.

Baba Mai Rediyo: Zana ka gani ko akwai mai zaro ko kwabo. Mutane suna ba yaro mai yunwa, ba sa ba da kuɗi kan rigimar janar-janar.

Malamar Tarihi: Wannan ne ma ya sa Mengistu ya ji daɗin waƙar, Baba.