Muhawara: shin gara a bar birekokin tashar wuta a hannun mutum da a riƙa sarrafa su daga nesa?

Baban Tasha: Assalamu alaikum. Bireka ita ce babban makunnin tasha, in an buɗe ta wuta ta yanke, in an rufe ta wuta ta dawo. Magana ɗaya na kawo, kuma ina kan bakana: duk birekar da za a iya buɗewa daga ɗakin sarrafawa mai nisan ɗaruruwan kilomita, ɓarawo ma zai iya buɗe ta daga wata ƙasa. Ku dubi Yukren. Ranar 23 ga Disamba 2015 maharan intanet suka kutsa cikin kamfanonin rarraba wuta uku, suka yi ta buɗe birekoki, gidaje da wuraren sana'a kimanin 225,000 suka shiga duhu a tsakiyar sanyi. Ba kwamfuta ce ta dawo da wutar ba. Ma'aikata ne suka shiga mota, suka je tashoshi, suka rufe birekoki da hannunsu, wuta ta dawo cikin awa ɗaya zuwa shida. Saboda haka a bar SCADA, wato tsarin kwamfuta mai sa ido kan tashoshi da sarrafa su daga nesa, ta riƙa kallo kawai tana kai rahoto. Umarnin buɗewa da rufewa kuwa a bar wa mutumin da ke cikin tasha.

Hajiyar Sadarwa: Wa alaikumus salam, Baba. Labarin haka yake, amma ka tsallake ƙofar da suka bi. Sun fara ne da aika wa ma'aikatan ofis saƙon imel ɗauke da takarda mai guba. Wanda ya buɗe, manhajar kutse mai suna BlackEnergy ta sauka a kwamfutarsa. Suka yi sama da wata shida a cikin hanyar sadarwar kamfanonin suna tattara kalmomin sirri, ba wanda ya ankara. Daga nan suka shiga ɓangaren sarrafawa ta VPN, wato ƙofar shiga daga nesa ta intanet, wanda kalmar sirri kaɗai yake nema, babu shaida ta biyu. Ka ga laifi uku ke nan: ɓangaren ofis yana da hanya zuwa ɓangaren sarrafawa, ƙofar nesa tana da makulli ɗaya tak, kuma babu mai gadin da ke duba zirga-zirgar bayanai. Ba ɗaya daga cikinsu da ke cewa sarrafawa daga nesa ita ce cutar.

Baban Tasha: Hajiya, kowane kamfani kafin a shige shi cewa yake ya toshe ko'ina. Ni abin da babu waya a jikinsa na yarda da shi.

Malam Tsaro: Baba, rashin waya bai hana manhajar ɓarna ta Stuxnet shiga tashar nukiliyar Natanz ta Iran ba, wadda ba ta haɗe da intanet. An gano ta a 2010, kuma an ƙera ta ne ta iya yaɗuwa ta filash. Tashar wuta ma haka take. Injiniya yana zuwa da kwamfutar hannu ya jona a rile, wato na'urar kariya da ke umartar bireka ta buɗe idan an samu matsala, don canza saiti, ɗan kwangila yana zuwa da tasa, kuma kwamfutar nan jiya tana kan intanet a otal. Tashar da aka ce an yanke ta ita ce ma aka fi sakaci da ita, don kowa ya saki jiki, ba a ajiye tarihin wanda ya shiga, ba a sabunta komai.

Injiniyan Kariya: Ni ta wani gefen zan zo wa Baba. Wutar lantarki ba ta jiran mutum. Layinmu yana bugawa sau 50 a sakan ɗaya, kuma ƙa'idar babban layin Najeriya ta ce a riƙe shi tsakanin 49.75 da 50.25. Idan babban janareta ya faɗi, bugun yana gangarowa cikin 'yan sakanni. Kafin ma'aikaci ya ɗaga waya, a gaisa, a maimaita umarni, ya taka zuwa allo, sauran janaretoci sun riga sun kare kansu sun fita. Wannan aikin na rile mai sauke lodi da kansa ne idan bugu ya yi ƙasa, sai kuma mai sarrafawa da ke ganin dukkan layi a gabansa, irin cibiyar sarrafa babban layin ƙasa da ke Osogbo, yana da ikon taɓawa nan take. Gani ba tare da iko ba rabin aiki ne.

Kuma makanta ma kashe layi take yi ba tare da wani mahari ba. Ranar 14 ga Agusta 2003 manhajar ƙararrawa ta wani kamfani a jihar Ohayo ta Amurka ta tsaya cak saboda kuskuren rubutu a cikinta. Sama da awa ɗaya masu sarrafawa ba su san layukan 345kV suna taɓa bishiyoyi suna fita ɗaya bayan ɗaya ba. Mutum kimanin miliyan 50 a Amurka da Kanada suka rasa wuta.

Baban Tasha: To ai ka taimake ni, Injiniya. Manhaja ce ta ci amanarsu. Ni ban ce a rufe ido ba, cewa na yi a ɗaure wa kwamfuta hannu.

Injiniyan Kariya: To ga abin da zai ba ka mamaki, Baba. Maharan da suka kutsa wa Yukren sun koyi darasin da kake faɗa, suka dawo a Disamba 2016 kan wata tashar babban layi a arewacin Kiyef, babban birnin ƙasar, da manhajar da aka sa wa suna Industroyer. Wannan ba ta buƙatar ɗan fashi ya zauna yana danna linzami. Tana jin yaren tashoshi kai tsaye: IEC 101, IEC 104, IEC 61850. Wuta ta ɗauke kimanin awa ɗaya. Amma a cikin kayan aikinta akwai wani ɗan ƙaramin ɓangare da ke aika saƙo ɗaya zuwa ƙofar sadarwa mai lamba 50000 ta wasu rile na Siemens SIPROTEC, rilen ya sandare, sai an kashe an kunna shi da hannu. Masu bincike daga baya suka fassara manufar haka: a buɗe birekoki, a kurmantar da kariya, a jira ma'aikata su rugo su rufe da hannu a kan layin da ba shi da mai tsaronsa. Idan akwai matsala a layin, taransifoma ce za ta sha, kuma babbar taransifoma ba a sayo ta a kasuwa, watanni ake jira ko fiye da shekara. Ɓangaren bai yi musu aiki yadda suka so ba, Allah ya kiyaye. Sai dai ka ga hannun da kake dogaro da shi, shi suka nufa su mayar makami.

Ɗan Mita: Yaya Injiniya, tambaya. Me ya sa ba za a rufe duk saƙonnin da lambar sirri ba a huta? Banki ma haka yake yi.

Hajiyar Sadarwa: Ƙanena, wani wurin ana iya yi, wani wurin lokaci ba ya bari. Yarukan nan tsofaffi ne, an tsara su lokacin da waya ɗaya ce tsakanin tasha da ɗakin sarrafawa. IEC 104 yana bi ta ƙofa ta 2404, Modbus ta 502, DNP3 ta 20000, kuma a asalinsu ba sa tambayar wa ya aiko umarni. Duk wanda ya iso ƙofar ya ce buɗe, za a buɗe. Tsakanin tasha da cibiya gyaran mai sauƙi ne: a ɓoye saƙon da tsarin lambar sirri na TLS kamar yadda ƙa'idar tsaro ta IEC 62351 ta tanada, ko a bi da shi ta rufaffen rami tsakanin na'urorin bakin ƙofa guda biyu. Jinkirin 'yan milisakan ba ya cutar da kowa a nan.

Cikin tasha kuwa labari ya sha bamban. Saƙon GOOSE da rile ke aika wa ɗan'uwansa cewa a yanke, ana son ya isa cikin milisakan 3. Shi ya sa a nan aka fi mayar da hankali kan sa wa saƙo hatimin da ke tabbatar da mai aikowa, ba ɓoye abin da ke ciki ba. Ba sirri ne ba a san cewa bireka ta buɗe. Abin tsoro shi ne baƙo ya ce ta buɗe a yarda. Tsofaffin rile da yawa ba su da ƙarfin lissafa ko da hatimin, to su sai a killace su a nasu layin, a toshe duk ramin da ba a amfani da shi a jikin siwic, wato akwatin da wayoyin sadarwa ke haɗuwa.

Malam Tsaro: Bari in ƙara kan na Hajiya, don a ga tsarin ba ya buƙatar sihiri. Ofis daban, sarrafawa daban, a tsakani a sa wani ɗaki na tsaka-tsaki da katangar tsaro gaba da baya. Bayanan da ofis ke so, kamar yawan lodi, su fita ta na'urar da ke barin saƙo ya bi hanya ɗaya kawai, faiba mai fitila a gefe ɗaya da ido a ɗaya gefen, ko an so mayar da saƙo baya babu ta inda zai bi. Mai shiga daga nesa ya bi ta kwamfuta ɗaya tilo, da shaida biyu, a buɗe masa na awannin aikinsa a rufe. Sannan a sa na'ura mai saurare kawai a jikin siwic. Zirga-zirgar tasha ba ta da yawan sauyi, na'urori kaɗan ne ke magana da juna kullum, don haka sabuwar murya ko umarnin buɗe birekoki goma cikin minti ɗaya nan da nan yake fitowa fili.

Wani abu da ake mantawa: a harin Yukren na 2015 maharan sun lalata manhajar cikin ƙananan na'urorin da ke haɗa tsohuwar wayar siriyal da sabuwar hanyar sadarwa, har suka zama sai an canza su. Sun goge kwamfutoci da manhajar KillDisk, sun kashe batirin ajiya na ɗakin sarrafawa, sun cika layin wayar abokan ciniki da kira. Wanda ba shi da waɗannan na'urori a sito, da kwafin saitin kowane rile a ajiye nesa da intanet, zai daɗe yana aiki da hannu ko yana so ko ba ya so.

Ɗan Mita: Ni kam a wajen mita ina bayan Baba. Mita mai wayo tana da makunni a ciki da ake yankewa daga ofis. Idan dubban mitoci suka yanke lokaci ɗaya, lodi ya faɗi farat ɗaya, bugun wuta ya yi sama. A 2014 wasu masu bincike a Sifen sun nuna mitocin da ke amfani da makullin sirri iri ɗaya, ka ciro na ɗaya ka samu na saura. Dole kowace mita ta zama da nata makullin, kuma uwar garke ta ƙi yanke fiye da wani adadi a awa sai mutum biyu sun sa hannu. Mun kuma ga wahalar taɓa mitoci da yawa a nan gida: ƙidayar mintunan da ke cikin lambobi 20 na katin wuta ta fara ne daga 1993 ta cika ranar 24 ga Nuwamba 2024, sai da kowane mai mita ya danna lambobin canjin makulli da yatsansa. Da makullai ne suka fita hannun ɓarayi, haka za a bi gida-gida.

Baban Tasha: Madalla, ɗana. Ga shi kai ma ka ce mutum biyu su sa hannu.

Hajiyar Sadarwa: Mutum biyu a cibiya ya ce, Baba, ba mutum a kowace tasha ba. Kuma tsarinka yana ɗauka cewa kullum ana iya isa wurin. A Oktoban 2024, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, na Ugwuaji zuwa Apir ma ya samu matsala, jihohin Arewa da yawa suka kwashe kwanaki babu wuta, kuma rashin tsaro na cikin abin da ya jinkirta gyaran na Shiroro. Inda hanya ba ta biyuwa da dare, juya lodi daga nesa shi ne kaɗai abin da ya rage. Sai dai in yarda da kai a nan: faibar da ke kai umarni daga nesa tana cikin wayar da ke can saman turakun, turke ya faɗi ta tafi tare da shi. Tashar da ba ta da hanya ta biyu, ko rediyo ko wata faibar ta wani gefen, ta koma hannu ke nan.

Baban Tasha: Na sassauta a kan manyan layukan 330kV da 132kV, tunda sakanni ake magana. Ban sassauta a kan makunnin nan na jikin allo mai zaɓar gida ko nesa ba. Ya zama na ƙarfe, mai katse wayar umarni da gaske, ba hoto a fuskar kwamfuta ba. In an ga linzami yana tafiya da kansa, a murɗa shi zuwa gida, zance ya ƙare.

Injiniyan Kariya: Wannan ba mai musu da kai, Baba, amma da sharaɗi uku. Kafin a rufe kowace bireka da hannu bayan hari, a duba fitilar lafiyar kowane rile, a gwada saitinsa da kwafin da ke ajiye. Kada a tsallake rilen da ke duba daidaiton ɓangarori biyu kafin haɗa su: a gwajin Aurora na 2007 a Amurka, buɗe bireka da rufe ta ba bisa daidaito ba kaɗai ya lalata janaretan dizal. Na uku, batirin 110V na tasha. Shi ke ba rile wuta, shi ke fizgo bireka, shi ke riƙe na'urar sadarwa. A riƙa yi masa gwajin sauke caji da lodi na gaske, don awon da ake yi caja na kunne ba ya nuna ƙwayar da ta mutu. Kuma makunnin naka ya riƙa aika alama zuwa cibiya duk lokacin da aka murɗa shi, domin an sha mantawa da shi a gida bayan gyara, sai ranar da ake neman juya lodi cikin gaggawa a tarar umarni ba ya shiga.