Muhawara: wa ya buɗe bakin Aibileen, ita ko Skeeter?

Malam Nura: Jama'a, ana ta yabon yadda Aibileen, 'yar aiki baƙar fata, ta yi ƙarfin zuciya a littafin The Help na Kathryn Stockett, wanda ya fito a 2009. Ni kuwa na ce zuciyar aro ce. Ta raini 'ya'yan Turawa har 17 a garin Jackson na jihar Misisipi, ba ta taɓa ɗaga kai ba sai da Skeeter, Baturiya, ta zo mata da shawarar rubuta labarin 'yan aiki.

Anti Hadiza: Malam, ka tuna zamansu na farko kuwa? Skeeter ta jero tambayoyi, tsoro ya sa Aibileen har amai ta yi, hira ta watse. Me ya gyara lamarin? Aibileen ce ta ce za ta rubuta da hannunta ta karanto. Tun tana yarinya aka cire ta daga makaranta don ta yi aikatau, amma ba ta ajiye alƙalami ba, addu'o'inta ma rubuta su take kowane dare. Skeeter ta tarar da marubuciya ce a gidan. Kuma abin da ya tunzura ta shi ne Hilly Holbrook, ƙawar uwar ɗakinta, da fafutukarta ta a gina wa 'yan aiki bandakinsu daban, ga ciwon rasuwar ɗanta Treelore da bai warke ba.

Malam Nura: Na ji, Anti. To ki dubi ƙarshe. Skeeter ta samu aiki a New York, Aibileen an yi mata sharrin satar cokulan azurfa an kore ta, ta rabu da Mae Mobley da take raino, yarinyar na kuka. Shafin jaridar da ta gada daga Skeeter ma da sunan aro na Miss Myrna za ta riƙa rubutawa. Wane cin nasara ke nan?

Bilki: Yaya Nura, nasara daban, ƙarfin zuciya daban. Matar da a da ake yi mata zancen bandaki ta haɗiye ta yi godiya, ita ce a ƙarshe ta tsaya gaban Hilly ta nuna mata tana da asirinta a hannu. Kuma a wane gari? Inda aka harbe Medgar Evers, ɗan fafutukar 'yancin baƙar fata, a ƙofar gidansa ranar 12 ga Yuni 1963. Littafin bai ɓoye wannan daren ba.

Alhaji Sabo: Mu ma dai a nan akwai gidajen da kwanon 'yar aiki daban yake.

Bilki: Gaskiya ne Alhaji, abin kunya ne, amma can doka ce ta Jim Crow, mai raba farare da baƙaƙe, ta tsaya wa wariyar. Aibileen ko ɗakin karatun Turawa ba ta isa ta ari littafi ba, sai Skeeter ta aro mata.

Malam Nura: Kin ga kin taimake ni! Ko Viola Davis da ta fito a matsayin Aibileen a fim ɗin 2011 ta ce a 2018 ta yi nadama, don ba muryar 'yan aikin aka ji sosai ba.

Anti Hadiza: Fim ta soka, Malam. A littafin Aibileen ce ke buɗe labari da bakinta, ita ce kuma ke rufewa, kuma ita ta shawo kan ƙawarta Minny ta shigo aikin rubutun.

Malam Nura: Bakin da Baturiya Stockett ta rubuta mata. A nan fa ban sauka ba.