Yawon buɗe ido da iyali a Jamus, Ostiriya da Suwizalan, a ba ni shawara

Baban 'Yan Biyu, Mabera:
Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena da ke karatu a Munik zai gama bana, shi ne ya matsa sai mun zo da Inna ta ga bikin, kuma ya ce tunda an riga an kashe kuɗin jirgi gara mu shiga irin wannan tafiya ta rukuni da ake yi a babbar bas da ɗan jagora, kwana 9, a zaga Jamus da Ostiriya da Suwizalan. Mu shida ne, ni da maiɗakina da yara uku da Inna. Damuwata Inna ce wallahi, ciwon gwiwa gare ta, ko Umara da munka je a keke anka tura ta wajen sa'ayi. Sai abinci da salla. Kuma maiɗakina na sa niƙabi. Wanda ya taɓa yi don Allah ya gaya min gaskiya, in ba zai yiwu ba mu zauna Munik kawai.

Hajiya ta Runjin Sambo:
Wa'alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya ƙara wa Inna lafiya. Mun yi irinta da maigida a watan Yuni, to bari in fara da niƙabin don shi ne ba wasa. Ostiriya sun hana rufe fuska a bainar jama'a tun Oktoba 2017, Suwizalan ma sun fara tasu a duk ƙasa daga 1 ga Janairu 2025, tara ake ci. Hijabi kam ba wanda zai ce mata komai, ni da dogon hijabina na yi ta yawo, amma ku zauna ku yi maganar nan da ita tun a gida kar sai an isa bakin iyaka rai ya ɓaci.

Maganar Inna kuma, bas ɗin ba ta shiga tsakiyar tsohon gari, can nesa take aje ku sai a taka, ga ɗan jagora da 'yar tutarsa yana sauri kamar ana korarsa. Inda na fi shan wuya fadar nan ta Sarki Ludwig na biyu, Neuschwanstein a Jamus, da aka fara ginawa 1869, a kan tsauni take, hawan ya kai rabin awa, cikinta kuma matakala ne ba iyaka. Akwai keken doki da ke kai mutum kusa amma duk da haka sai an ɗan taka. In ni ce, Inna ta zauna ƙasa bakin tafki da ɗaya daga cikin yaran ta sha shayinta, daga nan ma ana hango fadar. Abin da zai mata daɗi jirgin ruwa na tafkin Luzan (Luzern) a Suwizalan, a zaune take ga duwatsu na wucewa, ni dai hawaye na yi ina ta subhanallah, mu da munka saba da fili fetal daga nan har Illela.

Ɗan Gawon Nama:
Yaya ku fara da biza kafin komai. Shengen ce, wato bizar haɗin gwiwar ƙasashen Turai, guda ɗaya ta ishe ku duka ƙasashen, amma a ofishin ƙasar da za ku fi daɗewa ake nema, ku kenan Jamus. Yuro 90 babba, 45 yaro mai shekara 6 zuwa 12, da inshorar lafiya da ta kai ta Yuro 30,000 kowane mutum. Kar ku biya kamfanin yawon duka kuɗi sai biza ta fito, ni an taɓa cinye min rabin kuɗina a haka. Kuma Suwizalan ba Yuro suke ci ba, faran ne kuɗinsu, tsada kuwa sai wanda ya gani.

Malama Uwar Ɗalibai:
Abinci ba zai gagara ba in an lura. Ku haddace kalma uku, Schwein da Schinken da Speck, duk alade ne, har cikin miya da dankali suna yanka shi ƙanana. Ku gaya wa kamfanin tun wuri a rubuta ku cikin masu cin kifi da ganye. Shagunan Turkawa suna ko'ina a Munik da Inisburuk ta Ostiriya, Intalaken ta Suwizalan kuwa Larabawa sun cika ta, gidan abincin halal har da rubutun Larabci a ƙofa. Kar a sa kilishi a jaka, nama da madara daga waje doka ta hana shiga da su, ƙwacewa za a yi a filin jirgi. Yaji da garin kwaki da kuka ne munka ɗauka. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke, ku sayi burodi da ruwa tun Asabar. A riƙe 'yar gorar roba a madadin buta, bayinsu takarda ce kawai kuma na kan hanya sai an saka kuɗi.

Salla mu kasaru munka yi muna haɗawa, don a Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, asuba kuma wajen uku, in ba ka sa agogo ba ta wuce ka.

Hajiya ta Runjin Sambo:
Na manta, in akwai hawa Jungfraujoch, wato tsaunin nan na Suwizalan da ake hawa a jirgin ƙasa, a tsarin ku tambayi likitan Inna tukuna. Tashar jirgin ƙasan tana can sama mita 3,454, iska ba ta isa, ni da ƙafata sai da jiri ya ɗebe ni na nemi benci. Ƙanƙara ce har tsakiyar bazararsu, rigar sanyin hunturunmu ba ta yin komai can, ƙanenka ya saya muku tun kan ku iso.

Baban 'Yan Biyu, Mabera:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Na karanta wa maiɗakina, ta ce za ta yi shawara da malaminsu na Islamiyya kan niƙabin. Inna kuma da ta ji zancen jirgin ruwa ta ce ita shi take so. Hajiya, bas ɗin na yarda a sa keken guragu mai naɗewa a wajen kaya ko sai an biya daban?