Injin zuciya na yara: mu sayar da gonar ko mu dakata?

Wata uwa daga Daura:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana shekararsa huɗu, wata biyar kenan ƙafafunsa na kumbura. Ko tuwo yake ci sai ya tsaya yana haki, da dare kuma sai na jingina shi da filo biyu barci ke ɗaukarsa. An yi masa hoton zuciya a Katsina, likita ya ce zuciyar ta buɗe ta yi laushi, ba ta tura jini sosai. Ƙanin maigidana ya gani a waya wai akwai injin da ake sa wa yara a Jamus, har Baban yaron ya fara zancen sa gonar gado a kasuwa. Don Allah ku ba mu shawara.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Wa'alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Injin nan Berlin Heart EXCOR ake ce masa, Amurka ta amince da shi a 2011. Famfo ne da ke zama a wajen jiki, bututu ya ratsa fatar ciki ya kai zuciya, ƙaraminsa na jarirai mililita 10 kacal yake ɗauka. Amma Yaya, riƙon ƙwarya yake yi kafin a samu zuciyar da za a dasa, sai 'yan kaɗan da tasu ke farfaɗowa a cire musu. Yaro kan shafe watanni a asibiti ana ba shi maganin tsinka jini kullum, don gudan jini na iya haurawa ƙwaƙwalwa ya shanye ɓarin jiki. Duk wanda ya yi muku zancen injin bai taɓo dashe ba, rabin magana ya faɗa.

Wani magidanci daga Ƙofar Marusa:
Hajiya, ku tambayi likita sunan ciwon takamaimai. 'Yata ma haka ta yi, ashe ƙofar zuciyarta ce ta lalace bayan ciwon maƙogwaro da muka raina. Allurar penisilin take sha duk wata, ga ta tana zuwa Islamiyya. Ku nemi takardar zuwa wajen likitan zuciyar yara a Kano ko Shika.

Wata dattijuwa:
'Yar nan, gona ba ta gudu. A rage masa gishiri da magi, kar a fasa magungunan asibiti don wani jiƙo.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Babansa, ya yi shiru. Litinin za mu koma da takardun.