Me ya sa Madhubala ta ɓace daga fim tana kan ganiyarta?

Ɗan Sinima:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Bayan 1960, shekarar da fim ɗin Mughal-e-Azam ya fito, kusan ba a sake ganin jarumar finafinan Indiya Madhubala a wani babban fim ba, alhali shekarunta 27 kacal. Aure ne ya zaunar da ita, ko furodusoshi ne suka juya mata baya?

Malam Mai Faifai:
Wa alaikumus salam. Ciwon zuciya ne ya kwantar da ita, kuma da shi aka haife ta. Sunanta na yanka Mumtaz Jehan Begum, haihuwar Delhi, 14 ga Fabrairu 1933. Tana 'yar shekara 9 ta fito a Basant, tun lokacin kuwa ita ke riƙe da gidansu. Mahal na 1949 ya ɗaga ta. Ciwon ya fito fili a 1954 a Madras, inda ta yi aman jini ana tsakar aikin Bahut Din Huwe. Duk da haka ba ta sassauta ba: a 1958 kaɗai ta yi Howrah Bridge da Kala Pani da Chalti Ka Naam Gaadi. A Mughal-e-Azam kuma sarƙoƙin ƙarfe na gaske darakta K. Asif ya sa aka ɗaure ta da su. Duba yadda take jan jiki a kurkukun nan, ba duka ne wasa ba.

Anti Nas:
Malam, bari in ƙara bayani kan ciwon, don mutane na tambaya me ya hana a yi mata tiyata. Huda ce a bangon da ya raba ɗakuna biyu na ƙasan zuciya. Jini yakan tsallaka daga hagu zuwa dama, ya yi wa huhu yawa. Shekara da shekaru jijiyoyin huhun suna kauri suna tsukewa, har jinin ya juya baya, wanda bai sha iska ba ya gauraya da mai kyau. Sai jiki ya yi ta ƙera ƙwayoyin jini fiye da kima, shi ya sa ake zuwa gida ana ɗibar mata jini. Sai a 1954 aka fara nasarar ɗinke irin wannan huda, a Minnesota ta Amurka. In huhu ya riga ya lalace, toshe hudar kan kashe majinyaci, domin jinin ya rasa mafita. Da ta auri Kishore Kumar a 1960 suka je Landan, likitoci ba su yi aikin ba. Ta rasu ranar 23 ga Fabrairu 1969, tana da shekara 36.

Baba Tsoho:
Gaskiya ne 'yata, amma kada a manta da shari'ar fim ɗin Naya Daur. Mai shirya fim ɗin, B.R. Chopra, ya so a fita ɗaukar fim wajen Bhopal, mahaifinta Ataullah Khan ya ce 'yarsa ba ta zuwa. Aka je kotu, Dilip Kumar, wanda suke soyayya tun Tarana na 1951, ya ba da shaida a ɓangaren Chopra, aka ba Vyjayanthimala gurbinta. Soyayyar ta mutu, amma suka ƙarasa Mughal-e-Azam a matsayin Salim da Anarkali. Abin da ke ci mini rai shi ne kyautar Filmfare ta gwarzuwar jaruma a finafinan 1960: Bina Rai aka ba, kuma a ganina an tauye wa Madhubala haƙƙi. Ɗana, ka nemi Mughal-e-Azam na baƙi da farin, ya fi wanda aka yi wa kala a 2004 fito da hasken fuskarta.