Inzayim ɗin da ke nunar da tumatir, me za mu ce masa da Hausa?

Malamin aikin gona, Bunkure: Jama'a a taimaka, jibi ina da aji kuma yaran nan kusan duk 'ya'yan masu noman tumatir ne a Kadawa, sun san in ka jefa nunanniyar ayaba cikin buhun ɗanyen mangwaro ka ɗaure baki, kwana biyu uku ya nuna, dalilin ne nake so in faɗa musu da Hausa. Wata iska ce ɗan itacen ke fitarwa, etilin, ita ke kai saƙon nuna, na sa mata 'yar aike. Inda na maƙale shi ne masu haɗa ta a ciki, wato inzayim. Su biyu ne, na farko ACC sintes shi ke samar da wani sinadari mai suna ACC, wanda masana su Shang Fa Yang suka gano a 1979 a Amurka cewa shi ke komawa etilin, na biyu ACC oksides shi ke ɓalle shi iskar ta fito.

Ɗalibi daga Kura: Malam ka ce sinadari kawai a wuce wajen mana.

Malamin: Haba ƙanena, omo sinadari, taki sinadari, fiya-fiya ma sinadari, etilin ɗin kanta fa? Sai in ce sinadari ya haɗa sinadari daga sinadari yara su kalle ni.

Mai sayar da taki, Garun Malam: Kanwa uwar gami. Ba ita ke sa wake saurin dahuwa ba?

Malamin: Alhaji ka kusa wallahi, sai dai kanwa narkewa take ta bi tukunya, shi kuwa inzayim in ya gama da wannan ya saki ya kama na gaba, yana nan yadda yake. Dillalin kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan ma na yi tunani, to amma dillali ko me ka kawo zai karɓa, shi kuwa ACC oksides wani ɗan lungu ne a jikinsa da ba abin da ke shiga daidai sai ACC.

Malama daga Haɗejia: Ungozoma. Ba ita ta yi cikin ba, ba ita ce jaririn ba, ta karɓi haihuwa ta wanke hannu ta nufi gida na gaba. Kuma duba yadda oksides ɗin yake Malam, furotin ne da ya naɗe ya bar rami, a tsakiyar ramin akwai ƙwayar ƙarfe guda ɗaya tak, ita ce rezarta, ACC kuma ɗan zobe ne na kabon uku, a nan ake yanke shi. Sai da iskar oksijin da bitamin C take aiki, ita kuwa ta farkon, wato ACC sintes, bitamin B6 take riƙewa kuma bibbiyu suke manne da juna.

Ɗalibi: To masu zuba kabaid a ayaba fa Anti?

Malama: Wannan ai ba ungozoma a ciki, iskar asitilin yake fitarwa, 'yar aiken bogi, ga dattin da ke cutar da mai ci, shi ya sa NAFDAC ta hana.

Malamin: Na karɓa Malama, Allah ya ƙara basira. Ungozomar etilin ta fari da ta biyu zan rubuta a allo, inzayim a gefe saboda jarrabawa. Sai dai in mun zo kan na cikin yawu mai narkar da tuwo ban san ko sunan zai zauna ba, don can ba haihuwa ake ba, farfasawa ake.