Ciki za mu sa a gaba ko haƙƙi? Musayar baiti tsakanin 'yan sawaba

Dattijon Ringim

Salamu alaikum 'yan uwa. Tunda an ce a bar dogon surutu a koma baiti to ga nawa. Maganar da muke ta ja tun wancan satin ita ce, mu da muke kiran kanmu 'yan sawaba, wato masu bin aƙidar NEPU, jam'iyyar Malam Aminu Kano, me za mu sa a gaba, yaƙi da talauci da masu tatsar talaka, ko kuwa maganar haƙƙin mata da naƙasassu da makiyaya da duk wanda ake dannewa? Ni dai ina nan inda nake.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai ba da ruwa ga shukar kowa.

Ku saurare ni 'yan uwa talakawa,
Gida biyu ne a ƙasar Hausawa.

Akwai mai ci har yana zubarwa,
Akwai mai noma yana ramewa.

A 1950 NEPU tai tsayawa,
Don talaka ya bar durƙusawa.

Ba ta ware jinsi wajen kirawa,
Sunan duka ɗaya ne, talakawa.

Da Rimi ya hau ya yi sokewa,
Haraji da jangali ba karɓawa.

Yunwa in ta zo ba ta zaɓawa,
Mace da namiji take kayarwa.

A fara cika ciki 'yan uwa,
Sauran haƙƙi yana biyowa.

Ku tambayi duk wanda ya yi wayo kafin 1979 ya ba ku labarin lokacin karɓar haraji, magidanci da gemunsa ya kwana a dawa don kar a kama shi, wani a shanya shi a rana a ƙofar dagaci, wani ya sai da akuyar matarsa. Da gwamnan Kano Abubakar Rimi ya soke shi kowa ya huta har matan ma.

'Yar Haɗeja

Baba barka da yamma, Allah ya ƙara girma. Ba raini ba ne wallahi amma ba zan iya yin shiru ba, kuma da amsa-amonka zan amsa.

Baba na ji baitin da kake rerawa,
Da ladabi nake so in amsawa.

Ka ce suna ɗaya ne, talakawa,
To wa aka hana ƙuri'a jefawa?

Maza sun yi layi suna zaɓawa,
Matan Arewa ana korawa.

Sai 1976 aka yi buɗewa,
Sha shida ke nan da 'yantawa.

Gambo Sawaba ta sha ɗaurewa,
Bulala ta sha ba ta sarewa.

Da cikar ciki ta tsaya jirawa,
Da har yau mu ba ma zaɓawa.

Hatsi in ya shigo ana aunawa,
Hannun wane ne yake rabawa?

Mu ke sussuka mu ke shiƙewa,
Kuɗin a wani aljihu ke ƙarewa.

Baba ka je Jahun ka ga 'yan mata masu yoyon fitsari da ake yi wa aiki, ka zauna ka ji labarinsu. Da yawa eh talauci ne, babu kuɗin mota. Amma akwai wadda kuɗin motar na nan a ɗaure a bakin zanin uwar miji, yarinya ta kwana ta wuni tana naƙuda ba a fita da ita ba don kawai maigida ya tafi ci-rani kuma wai ba wanda zai ba da izini sai shi. Wannan buhun masara nawa ne zai gyara shi?

Manomin Kadawa

Yaya sannu, maganarki ta taɓa ni. Amma ni ina bayan Baba, bari in canza amo.

Yayata na ji zancen naki,
Ba na musu a kan haƙƙinki,
Amma ki dubi kuɗin taki,
Shi ke yanka wuyan talaka.

Tun ran da aka janye tallafin mai,
Injin ban ruwa ya zam ciwon kai,
Mai gona biyu ya koma ɗai,
Ɗayar na jingine gun mai jaka.

Mun jera kwanduna bakin hanya,
Dillali ya zo yana ta taya,
In ka ƙi sayarwa ya juya,
Gobe ya ruɓe a hannunka.

Ku tuna Majiya daren wuta,
Tanka ta faɗi jama'a ta fita,
Da bokiti kowa ya nufe ta,
Babu ce ta kai su halaka.

Wutar ba ta tambayi jinsi ba,
Ba ta ce wane ne babanka ba,
Ɗan mai kuɗi bai je wurin ba,
Kabarin duk na 'ya'yan talaka.

Allah ya ji ƙan mutanen Majiya, Oktoban 2024 ne a ƙaramar hukumar Taura, sama da mutum 150. Tun 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafi ya tafi, mu masu noman rani muka san mun shiga uku, don kafin tumatir ya nuna ka zuba mai ka zuba taki ka sai maganin feshi ka biya 'yan ƙwadago, ran da ya nuna kuma kowa nasa ya nuna, farashi ya zube ƙasa, ba wurin ajiya ba komai sai dai ka yanka ka shanya a ƙasa. Mace ko namiji duk haka dillali yake mana.

Ɗan Ruga daga Maigatari

Baffa na Ringim ina gaisuwa. Tunda ka ambaci jangali to dole in sa baki.

Baffa gaskiya ne an soke jangali,
Mun gode ba ma manta wannan hali.

Amma ina aka kai burtali?
An nome shi kaf ba sauran fili.

Wanda ya nome shi ga misali,
Talaka ne irina tun asali.

In rigima ta kai gaban alƙali,
An yanke min tun kan a ji dalili.

Ana ganin sanda a tashi hankali,
Wai ɗan daji ne mai mugun hali.

Ka ce mu haɗa kai a dandali,
Fara kira na mutum mai hankali.

Ban ce shanu ba sa ɓarna ba, suna yi, kuma wanda aka ci wa gona a biya shi tsaf, gumin mutum ne. Amma ku dubi abin da ke faruwa wajen Guri da Kirikasamma duk shekara in ruwa ya janye daga fadama, talaka ne yake sarar talaka, ba mai kuɗi ko ɗaya a wurin. Tun 1989 aka kafa hukumar ilimin makiyaya, ku zo rugarmu ku ƙirga yaran da suka iya rubuta sunansu. In na je kasuwa ran Alhamis da kuɗin bijimi a aljihuna na fi wasu da yawa kuɗi a ranar, amma hakan bai hana a tare ni a hanya a ce in buɗe jaka ba.

Malamin Firamare, Birnin Kudu

Jama'a ni tsorona daban ne. Mun taɓa yin irin wannan ja-in-jar kuma mun ga ƙarshenta.

Ku tuna santsi da taɓo a gidanmu,
Jam'iyya ɗaya muka raba kanmu.

Kano da Kaduna duk a hannunmu,
A 1979 nasara ta samu.

Muka koma muna jifan junanmu,
Aka tsige Balarabe a idonmu.

Aka kashe Dakta Bala a jiharmu,
Malam ya rasu bai ga haɗuwarmu.

Kowa ya yi haƙuri da damuwarmu,
Kar maƙiyi ya ji kanmu ya ci mu.

Na sani ba a kan mata ko makiyaya jam'iyyar PRP ta rabu gida biyu, santsi da taɓo, ba, rigimar ta gwamnonin nan biyu na Kano da Kaduna ce da shugabannin jam'iyya, a kan zaman da suke yi da gwamnonin wasu jam'iyyun da kuma yadda za a tunkari NPN, jam'iyyar da ke mulkin ƙasa a lokacin. Amma sakamakon fa? Yunin 1981 aka tsige gwamnan Kaduna Balarabe Musa, Yulin shekarar aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba Rimi shawara, a Kano, Afrilun 1983 Malam Aminu ya rasu. Shi ya sa nake cewa kowa ya ɗan haɗiye tasa tukuna.

'Yar Haɗeja

Malam ka yi haƙuri, nan ne fa ba na yarda.

Kullum in an ce a yi haɗiyewa,
Maƙogwaron mace ake nunawa.

Ran zaɓe mu ne ake tarawa,
Atamfa da sabulu ake miƙawa.

An ci moriyar ganga ana yarwa,
Sai wata huɗun a zo nemowa.

Haɗin kan da shiruna ke ɗaurewa,
Ba da ni ba Malam, ina faɗawa.

Mai Keken Hannu, Dutse

Ni shan inna ce ta kama ni tun ina yaro, kuma zan ba wasu mamaki don rabin zuciyata tana wajen Baba.

Na san zafin rana ta yawon bara,
Da ƙoƙo a cinya kana ta jira.

Lamido a 2007 ya fara,
Dubu bakwai a wata muka tara.

Ran da na sai wa gida masara,
Ranar aka fara kira na shawara.

Nan Baba zancenka ba gyara,
Kuɗi na sa a ji ka in ka yi kira.

Amma ofis mai matakala tara,
Keke na ƙasa ni ina ta jira.

Doka ta fito an buga an tsara,
A ƙauye dai ba mu ga an fara.

Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci nake nufi, wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Gaskiya kuɗin nan na wata-wata da gwamnan Jigawa Sule Lamido ya fara ba naƙasassu ya canza yadda ake kallona a gidanmu, wanda bai taɓa zama nauyi a kan 'yan uwansa ba ba zai gane ba. Amma kuɗin bai hau da ni bene ba, sai dai samari biyu su ɗauke ni cak kowa na kallo, kuma da na je neman aure ba aljihuna aka duba ba, ƙafata aka duba.

Dattijon Ringim

Madalla, kun burge ni duka. Amma ku lura,

Mai keke da kansa yake shaidawa,
Masara ce ta sa ake sauraron kowa.

Burtali da aka bi ana nomewa,
Ƙarancin ƙasa ne ke jawowa.

Manya sun kwashe fadama suna killacewa,
Suka bar mu kan ragowa muna sarewa.

Ku zo ƙungiya mu yi tsayawa,
Taki a farashin da za mu iyawa.

Mu a ƙauyenmu abin da muka yi ke nan, muka haɗa ƙungiyar manoma muka rubuta suna, muna sayen taki a dunƙule ba sai kowa ya je ya ci bashin kaka wajen 'yan kasuwa ba. Wannan shi ne aiki, ba cacar baki ba.

Uwar Marayu, Ringim

Kawu ina wuni. Tun ɗazu nake karantawa ban so in yi magana ba don girmanka, 'yata ce take rubuta min. Amma tunda ka kawo maganar ƙungiya, ai garinmu ɗaya.

Kawu ka san ni ka san gidana,
Ka san ranar da na rasa mijina.

Gonarsa tana nan a hannuna,
Ni da marayu muke yin shuka da rana.

Da aka zo rubutu na kawo kaina,
Aka ce magidanta, ban da irina.

Na ce to ku sa sunan ɗana,
Aka ce yaro ne, in koma ɗakina.

Gero ya yi ja ina kallo da idona,
Na maƙwabta kore, ban da nawa gona.

Talaka ne ya riƙe biron ranar,
Talaka ne ya tsallake sunana.

Ba gwamna ba ne ya hana ni Kawu, ba mai kuɗi ba ne, 'yan uwana ne da muke sallar idi fili ɗaya. Ƙarshe tiya-tiya na dinga sayen taki a kasuwa da kuɗin ƙuli-ƙuli, ina sa wa gindin gero da murfin kwalba don ya isa.

Dattijon Ringim

Innalillahi. 'Yata na ji. Dokar magidanta an sa ta ne don kar gida ɗaya ya rubuta mutum biyar ya kwashe rabon wasu, kin san halin mutanenmu. Amma gida irin naki gida ne, ba mai musun wannan.

'Yata ki kawo suna a yi sakawa,
Da na duk matan da ke nomawa.

Amma ki lura da abin da kike nemawa,
Taki ne, shi nake ta faɗawa.

Manomin Kadawa

Baba a nan kam na ɗan ja baya, don takin yana nan ai, an kawo shi, hana ta aka yi. Ni ma zan duba takardar ƙungiyarmu ta 'yan ban ruwa gobe in ga mace nawa ce a ciki.

Uwar Marayu, Ringim

Na gode Kawu, Allah ya saka. Amma ba suna kaɗai ba.

In kun sa ni bana don tausayina,
Baɗi wani ya zo ya goge sunana.

Buhu ina so, shi ne abincin 'ya'yana,
Amma biron ma a ba mu mu riƙe da rana.

Cikin masu rubutu a sa mace guda,
Wadda ta san zawarawa gida-gida.

Mu goma sha ɗaya ne a unguwarmu da muke noma da kanmu, akwai biyu da mazansu suna raye amma ciwo ya kwantar da su, su ma a lissafa da su. Ran Laraba bayan azahar da kuke zama za mu zo gaba ɗaya, a faɗa wa sakatare ya zo da littafin, kuma Ɗan Ruga in kuna da mata masu gona a wajenku ka tambaya mana yadda suke yi da taki.